Mako Biyu a Otal da Yarinyar da Ba Ta San Ki Ba

Ku matso kusa, ƙawayena, tunda maganar riƙon yara ta taso, akwai abin da na daɗe ina so mu yi mu ya mu. Kun sha ganin hotunan da Turawa ke ɗauka ranar da aka miƙa musu yaron da suka je ɗaukowa a wata ƙasa, uwa tana hawayen murna, uba baki har kunne. Ni fuskar yaron nake kallo. Ko dai ya wage baki yana tsala ihu, ko ya ƙame, ido a buɗe, ba ya duban kowa. Iyayen sun shekara suna jiran wannan rana, shi kuwa a ranar aka raba shi da duk wanda ya sani a duniya.

Bari in ɗauki ƙasar Sin, don can abin ya yi ƙamari. Daga 1992, lokacin da dokar riƙo ta ƙasar ta fara aiki, zuwa 2024 da gwamnati ta rufe ƙofar, yara sama da 160,000 aka kai ƙasashen waje, fiye da 82,000 daga ciki Amurka suka nufa. A shekarun farko yawancinsu mata ne, sakamakon dokar haihuwar ɗa ɗaya. A wancan lokacin, tafiyar ɗauko yaro takan ɗauki kamar mako biyu. Iyaye su sauka a babban birnin lardin da yarinyar take, a tara su a ofishin kula da harkokin jama'a ko a wani ɗakin otal, mai reno ta shigo da ita, ta miƙa, ta juya. Washegari a sa hannu a takardu, a dangwala tafin ƙafar jaririya da jan tawada. Sai zaman jiran fasfo, sannan Amurkawa su wuce Guangzhou, inda ƙaramin ofishin jakadancinsu ke ba irin waɗannan yara biza. Otal ɗin White Swan da ke tsibirin Shamian ya yi suna da wannan, har da wata jar kujera da ake jera jarirai a kanta a ɗauke su hoto, rabinsu suna kuka.

Wata maƙwabciyata Ba'amurkiya ta yi wannan tafiya, ita ta ba ni labarin abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar ɗaki. An miƙa mata yarinya 'yar shekara ɗaya da 'yan watanni, an naɗe ta da riguna kan riguna. Yarinyar ta ƙi yarda a cire mata ko takalmi. An ba ta biskit, ta damƙe ɗaya a kowane hannu, ba ta ci ba, ba ta saki ba, da su ta yi barci. Abin da ya fi ƙona wa matar rai, yarinyar ta maƙale wa mijin, ita kuwa ko kusa da gado ta zo sai ihu. Ta ce banɗaki take shiga ta buɗe famfo ta yi kukanta.

Yaya, na ga kina girgiza kai, kina cewa yaro ai mantuwa gare shi. Ke da kika kai 'yarki yaye gidan Inna, kin tuna daren farko? Kakarta ce fa, ta san muryarta, ta san tsakar gidan, amma sai da ta kwana tana neman ki. To ki ƙiyasta a ce harshen ma an canza, ƙamshin jiki daban, abinci daban, kuma babu ranar komowa. Tun 1952 James Robertson, abokin aikin likitan nan John Bowlby a Landan, ya ɗauki fim ɗin wata 'yar shekara biyu da aka kwantar a asibiti ba tare da uwarta ba. Abin da suka lura da shi a yara irinta shi ne, da farko bore, sai yanke ƙauna, daga nan yaro ya yi shiru kamar ya haƙura. Shirun nan ne manya ke ɗauka lafiya ce, alhali shi ne abin tsoro.

Don haka ni kukan ba ya tayar mini da hankali. Yarinyar da ta yi ƙiwa ranar farko ta nuna akwai wanda ta shaƙu da shi, zuciyar da ta taɓa shaƙuwa kuwa za ta iya sake yi. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai miƙa hannu ga kowa, direba, mai shara, baƙon da ke lif, duk ɗaya. Iyaye su yi ta murna sun samu yarinya mai fara'a. Sau da yawa hannaye ne suka yi ta sauyawa a kanta a gidan marayu har ta daina bambance nata da na wani. Binciken da aka fara a Bukares ta Romaniya a 2000, a kan yara 136 na gidajen marayu, ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara biyu sun fi samun shaƙuwa mai ƙarfi.

Ga abin da maƙwabciyar tawa ta yi, kuma na yaba mata. Ta bar rigunan nan a jikinta har sai da yarinyar ta yarda da kanta, da aka cire kuma ba ta wanke ta ciki ba, ta ajiye mata kusa da matashi. Sunan da suka zaɓa tun a gida ta jingine shi, ta riƙa kiranta da laƙabin da masu reno ke kiranta. Ta tambayi yadda ake dama mata madara, da zafinta, da irin kunun shinkafar da ta saba. Ta roƙi mijin cewa duk abin ci daga hannunta zai fito, ko da yarinyar tana cinyarsa. Haka ta riƙa miƙa cokali daga gefe ba tare da ta tsare ta da ido ba. Sai kuma goyo. Ta sayi abin ɗaukar yaro ta ɗaura ta a jiki, tana zagaya farfajiyar otal har kukan ya koma ajiyar zuciya. Mu da muka tashi a bayan iyayenmu mun san aikin da ɗumin jiki ke yi, ba sai an karanta mana a littafi ba. Dariyar farko a wajen wanka ta zo, da yarinyar ta fantsama mata ruwa a fuska.

Hajiya, na san abin da ke ranki, kuma gaskiyarki ne. A addininmu ba a canza wa yaro nasaba, Suratul Ahzab ta yanke wannan, riƙo da kulawa ne aka kwaɗaitar. Ita ma harkar kai yara ƙetare ba ta rasa datti ba. A 2005 an bankaɗo wasu gidajen marayu a lardin Hunan na ƙasar Sin suna sayen jarirai, a lokacin da kowane iyali baƙo ke ba gidan marayu gudummawar dala 3,000. Habasha ta haramta kai yara ƙetare a 2018. Ba na kare tsarin. Amma yaran da suka riga suka tafi suna nan, kuma a namu gidajen ma ana kawo ɗan ƙanwa ko 'yar wa bayan rasuwa, a ajiye yaro a ce ga sabuwar mamarki, a yi tsammanin zai saki jiki kafin magariba.

Abu mafi wuya a wurin maƙwabciyar tawa ya zo ne bayan an sauka gida. Dangi sun cika filin jirgi, kowa ya miƙo hannu, ta ce musu a'a. Na 'yan makonni babu mai ɗaukar yarinyar, babu mai ba ta abinci, babu mai rarrashinta in ta faɗi, sai ita da mijinta. Surukarta ta ji haushi ƙwarai. Na san in a wurinmu ne, da masu barka sun ce ta cika iyayi. Ni dai ina bayanta, domin yarinyar ba ta riga ta san waɗanne biyu ne nata a cikin taron ba. Mai son taimako sai ta kawo abinci, ta yi wanke-wanke, ta zauna a ƙasa ta yi wa yarinyar wasa daga nesa, in ta zo gare ta da kuka ta nuna mata uwar ta ce je ki wurin Mama.