Bahagon da Ba a Kira Ba

A ƙarshen watan Oktoba na 2024 kwantiragin Tim Hill da ƙungiyar besbol ta New York Yankees ya ƙare, aka kuma shafe sama da wata uku ba a ƙulla wani ba. Hill ba tauraro ba ne. Majefin ɗauki ne, wato ɗaya daga cikin waɗanda ke zaune a gefen fili har sai majefin da ya fara wasa ya gaji ko ya shiga tsaka mai wuya. Yana gab da cika shekara 35, jifansa da ƙyar yake haura kilomita 145 a sa'a a zamanin da samari ke kai 160, kuma a watan Yunin shekarar ce ƙungiyar da ta fi kowace rauni a Amurka ta sallame shi. Abin da ya rage masa na ciniki shi ne hannun hagu, da wani irin jifa da yake sakowa daga ƙasa-ƙasa, kamar mai wurga dutse a kan ruwa. Shin wannan ya isa a ajiye masa gurbi?

Sai an san darajar hagu a wannan wasa kafin tambayar ta yi ma'ana. Wasan besbol turmi tara ne, a kowane turmi kuma kowace ƙungiya tana bugu har sai an fitar da mutum uku nata. Tsakanin majefi da mai bugu mita 18 ne da 'yan kai, ƙwallo kuma tana cinye wannan tazara cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, saboda haka duk abin da ya jinkirta ganin ido ko da ƙiftawa ɗaya riba ce ga majefi. Idan bahago ya yi jifa ga mai bugu ta hagu, ƙwallon tana fitowa kamar daga bayan kafaɗarsa, idan kuma an murza ta sai ta lanƙwashe tana guje masa. Mai bugu ta dama kuwa yana hango ta tun daga hannu, tana kuma lanƙwasowa wajensa. Ga kuma rashin sabo: bahagwai kusan ɗaya ne cikin goma na mutane, don haka yaro yakan girma yana fuskantar masu jifa da dama, ido da jiki su saba da su. Masu kallon dambe sun san yadda bahago ke rikita wanda bai saba da shi ba.

Daga nan wata sana'a ta tsiro: bahagon mutum ɗaya. Koci zai ajiye shi har turmi na bakwai ko na takwas, lokacin da gwanin bugun abokan hamayya, mai bugu ta hagu, ya tako da wasa a hannunsa. Sai a kira bahagon, ya yi jifa huɗu ko biyar, a cire shi, ya tafi wanka. Wanda aka cire a besbol ba ya komowa, aikinsa na ranar ya ƙare ke nan. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna yadda Louis van Gaal ya sako mai tsaron gida Tim Krul a daƙiƙun ƙarshe na karawar Holan da Kosta Rika a 2014 don bugun fenareti kaɗai. Abin da ya zama abin mamaki na dare ɗaya a can shi ne aikin yau da kullum a nan. Jesse Orosco ya ci abinci da wannan sana'a a ƙarshen rayuwarsa ta wasa har ya kai shekara 46, ya bar tarihin fitowa a wasanni 1,252. Randy Choate ya fito a wasanni 672 amma turmi 408 kacal ya jefa, wato bai kai fitar da mutum biyu ba a kowace fitowa.

A 2020 hukumar gasar ta rushe wannan sana'a da layi guda na doka. Wasanni sun haura sa'a uku, yawan canjin majefa kuma yana cikin abin da ke jan su, sai aka ce duk majefin da aka sako dole ya fuskanci aƙalla mutum uku, ko kuma ya kai ƙarshen rabin turmin. Daga baya aka ƙayyade cewa cikin 'yan wasa 26 na ƙungiya, majefa ba za su wuce 13 ba. Biyar daga cikinsu masu fara wasa ne, saura takwas ke nan na ɗauki, a kakar da ake buga wasa 162 kusan kullum. Gurbin da a da ake iya bai wa mutumin jifa biyar ya yi tsada. Masu horarwa kuma ba su yi barci ba: suka riƙa jera masu bugunsu hagu, dama, hagu, ta yadda duk bahagon da aka kira don na farko sai ya bi ta kan na tsakiya kafin ya kai ga na uku.

Haka Los Angeles Dodgers suka jera nasu a daren 25 ga Oktoba, 2024, a wasan farko na World Series, wato karawar ƙarshe ta fitar da zakara: Shohei Ohtani ta hagu, Mookie Betts ta dama, Freddie Freeman ta hagu. Wasa ya zarce zuwa turmi na goma, Yankees suna gaba da 3 da 2, an fitar da mutum ɗaya, 'yan Dodgers biyu suna kan tashoshi, Ohtani kuma yana tahowa. Bahagwai biyu ne ke ɗumama hannu a gefe. Ɗaya Hill, wanda ya yi ta kashe wa Yankees gobara a zagayen da suka gabata. Ɗayan Nestor Cortes, mai fara wasa wanda rabonsa da jifa a gasa tun 18 ga Satumba saboda ciwon gwiwar hannu. Koci Aaron Boone ya kira Cortes. Jifansa na farko ya fitar da Ohtani, amma mai tsaron da ya cafe ƙwallon ya faɗa cikin 'yan kallo, doka kuma ta matsar da masu gudu gaba. Aka bar Betts ya wuce da gangan, tashoshi suka cika, don bahago ya gamu da bahago. Freeman ya ɗauke jifan farko ya tsallakar da shi katanga, wasa ya tashi 6 da 3. Ba a taɓa rufe wasan World Series da irin wannan bugu mai maki huɗu ba sai ranar.

Tun daga daren ne magoya bayan Yankees da yawa suka riƙa cewa a riƙe Hill ko ta halin ƙaƙa. Hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta da ƙwari. Mutumin da bai yi jifa ba, ba ya kuskure, kuma babu wanda ya san abin da Ohtani ko Freeman za su yi da ƙwallonsa. Daren ma ya nuna akasin abin da ake so ya nuna, domin Cortes bahago ne, Freeman kuma ya same shi a yanayin da lissafi ya ce majefi ke da rinjaye. Rinjayen hagu a kan hagu ɗan ƙarin nauyi ne a ma'auni, wanda sai an tara ɗaruruwan karawa yake bayyana. A karawa ɗaya da gwani irin Freeman, bai fi ƙwayar gero ba.

Alkaluman Hill na 2024 su ma suna buƙatar a karanta su da hattara. Ma'aunin da aka fi auna majefi da shi shi ne matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin turmi tara. A Chicago White Sox, kafin su sallame shi, nasa 5.87 ne, wanda ya munana. A Yankees, cikin fitowa 35, ya sauko zuwa 2.05, wanda ya yi kyau ƙwarai. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, shekara ɗaya. Majefin ɗauki ba ya jefa turmi da yawa, don haka munanan ranaku uku sun isa su ɓata masa rabin kaka, sa'a kaɗan kuma ta mai da shi gwarzo. Duk ƙungiyar da ta sallami majefi saboda lamba ta farko, ko ta zuba masa kuɗi saboda ta biyu, tana bin hayaƙi ne.

Abin da bai canza ba tsakanin Chicago da New York shi ne inda ƙwallo ke zuwa bayan an buga ta. Jifan Hill yana nutsewa yayin da ya iso, mai bugu ya doke shi ta sama, ƙwallo ta gangara a ƙasa. Kusan biyu cikin uku na ƙwallayen da aka buga masa a shekarar a ƙasa suka bi. Wannan ce hujjar riƙe shi, kuma ita ce ke amsa dokar mutum uku, domin ƙwallon da ke birgima ba ta tsallake katanga ko wane ne ya buge ta, ta hagu ko ta dama. Mai bugun dama da ke tsakiya zai iya samun ɗan abin da zai samu, amma da wuya ya rushe wasa da bugu ɗaya. A filin Yankees batun ya ƙara nauyi, saboda katangar dama, inda masu bugu ta hagu suka fi karkata ƙwallo, ƙafa 314 ce kawai daga wurin bugu a kusurwarta, kimanin mita 96. Ƙwallon da za a cafe a wani fili, a nan takan faɗa hannun ɗan kallo.

Irin wannan jifa yana da nasa bashin. Hill ba ya yawan fitar da mutum ba tare da an taɓa ƙwallo ba, don haka arzikinsa yana hannun mutum huɗun da ke tsaron tashoshi a bayansa. White Sox ɗin da ta sha kashi 121 a kakar, abin da ba a taɓa gani ba tun 1900, ba wurin da mai irin wannan jifa zai haskaka ba ce. Yankees ma ba su tsira daga zargi ba: kurakuran tsaro a turmi na biyar na wasa na biyar ne suka zubar musu da rinjayen 5 da 0, kofi ya tafi Los Angeles. Tun 2023 kuma an hana cunkusa masu tsaro a ɓangare ɗaya na fili, abin da ya buɗe wa ƙwallo mai birgima ƙarin kafa. Ga shekaru, ga jifan da ba shi da saurin da zai rage ya kuma ci gaba da aiki.

Duk da haka, idan aka ɗora wannan a kan farashi, shawarar ba ta da wuya kamar yadda jinkirin ya sa ta yi kama. A watan Disamba Yankees suka miƙa Cortes ga Milwaukee a musayar da ta kawo musu Devin Williams, mai jifa da dama, a gasar da manyan masu bugu da yawa ta hagu suke. A watan ne kuma Juan Soto ya bar su ya koma New York Mets a kan dala miliyan 765 na shekara 15. Kusa da wannan, abin da Hill ke nema kuɗin cefane ne, kuma kwantiragin shekara ɗaya ba ya ɗaure kowa: idan hannun ya mutu a watan Yuni, a sallame shi kamar yadda Chicago ta yi, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Haɗarin da ya fi girma shi ne a wayi gari a watan Oktoba, Ohtani ko wani irinsa yana tahowa, a waiga gefen fili a ga babu bahagon da za a iya bar wa mutum uku a jere. A watan Fabrairun 2025 Yankees suka sake ɗaukar Hill na shekara ɗaya a kan dala miliyan 2.85, suka kuma riƙe wa kansu zaɓin ƙara masa wata shekarar.