Tabarau Don Mai Gona

A shagunan tabarau na Kano, bayan likitan ido ya gama awo ya rubuta lamba, akwai tambaya ta biyu da ake amsawa a gurguje: da wane irin gilashi za a yanka? Mai shago zai jero sunaye, kowanne da farashinsa. Ɗan da ya ɗauko mahaifinsa daga Bichi ko Ɗambatta ko Makoɗa yakan nuna mafi tsada, domin a ganinsa hakan ne cikar biyayya. Sau da yawa wannan zaɓi ne ke sa tabarau ya ƙare a ƙarƙashin matashi tun kafin kaka ta zagayo.

Abin da ake kira gilashin tabarau a yau iri-iri ne, kuma mafi yawansa roba ne. Na asali, ɗan'uwan kwalba, ya fi kowanne jure karcewa, sai dai yana da nauyi, kuma idan ya fashe yakan tarwatse. Wannan haɗari ne ya sa tun 1972 hukumar FDA ta Amurka ta wajabta gwajin sako ƙwallon ƙarfe a kan gilashin tabarau daga tsayin inci 50. Sai robar CR-39, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1940. Nauyinta kusan rabin na kwalba ne, gani ta cikinta garau yake, kuma ita ce mafi araha. Sai polikabonet, wanda ya yi fice wajen jure duka, yake kuma tare hasken rana mai cutar da ido, amma jikinsa laushi gare shi, ya fi saura saurin karcewa. Akwai Trivex da ya fito a 2001, mai juriya kamar polikabonet, ya kuma fi shi rashin nauyi da tsabtar gani, ga tsada. Daga ƙarshe akwai robobi masu siranta gilashi, waɗanda ake kira da lambobinsu: 1.60, 1.67 da 1.74. Amfaninsu yana bayyana ne ga mai babbar lamba, wanda gilashinsa zai yi kauri kamar gindin kofi. Mai ƙaramar lamba, in ya saya, ya biya kuɗin sirantar da ba zai ko lura da ita ba.

Duk waɗannan an auna su a ɗakin gwaji. Karkarar arewacin Kano kuwa tana da nata gwajin. Ƙasa ce ta jigawa da ake nomawa kowace shekara ba hutu, gona na jingine da gona, ana ciyar da ita da takin dabbobi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta haɗa da rairayin gonakin da aka girbe. Ƙwayar yashi tana mataki na 7 a ma'aunin tauri na Mohs, gilashin kwalba kuwa bai wuce 6 ba, balle roba. Duk sa'ad da dattijo ya kama bakin rigarsa ya goge tabarau a bushe, tamkar ya goga masa samfefa ne. Sannan ga bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Siririn shafin nan mai hana ƙyalli, wanda ke wa ma'aikacin ofis amfani a gaban kwamfuta, yakan tsattsage idan aka bar tabarau a kan dashbod ɗin mota ko kusa da murhu. Gilashi mai duhu da kansa a rana ma ya fi yin duhu a lokacin sanyi, a tsananin zafi sai aikinsa ya ragu.

Wata ma'aikaciyar banki ta kai mahaifinta awon ido daga wani ƙauye a ƙasar Kunci. Da aka zo zaɓi ta nuna 1.67 mai dukan shafe-shafe. Mai yankan gilashin ya dubi takardar, ya ga +2.00 ce ta karatu kawai, sai ya juya ga dattijon.

“Baba, a ina aka fi jin matsalar?”

“Wajen karatu da asuba, ɗan nan, sai kuma rubutun jikin buhun taki. Hanya kam ina ganinta sarai.”

Aka yanka masa CR-39 mai shafin hana karcewa guda biyu, ɗaya na ɗaki, ɗaya na ajiya, kuma kuɗin duka bai kai na guda ɗayan da 'yar ta so ba. Na ajiyar nan yana da muhimmanci, domin mutumin da zai kashe wuni da kuɗin mota kafin ya isa Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ba zai taso a tsakiyar firi don tabarau ya karye ba. Zai haƙura ne har a kai amfani gida.

Akwai waɗanda bai kamata a yi musu wannan tattali ba. Wanda ke sa tabarau wuni guda a gona yana fuskantar tsinin karan dawa, da tsakuwar da fartanya ke tayarwa, da ƙaiƙayin sussuka. Haka ɗan acaɓa, haka yaron makaranta. Waɗannan polikabonet ko Trivex ya dace da su, ko da zai karce a sake wani. Mai ido ɗaya ya fi kowa buƙatarsa: wanda hawan jinin ido ko wani rauni ya riga ya cinye masa ɗaya, ana shawartarsa da ya sa irin wannan gilashi ko da ba shi da lamba, don kare wanda ya rage. A fuskar irin wannan mutum, gilashin kwalba kasada ce.

Saboda haka wanda zai raka iyayensa awon ido ya tafi da bayanin yadda wuninsu ke gudana, ya bari su amsa da bakinsu. Ya nemi shafin hana karcewa kafin kowane shafi, ya haɗa da gidan ajiya mai tauri. A gida kuma a koya musu ɗauraye tabarau da ruwan buta kafin a goge shi da tsumma mai laushi. Wannan ɗauraya kaɗai na iya ƙara wa robar mai araha kwana fiye da mai tsadar da ake gogewa da bakin riga.