Ziyarar Gee's Bend, Ƙauyen Masu Ɗinkin Bargo

Wannan wata za mu ba ku labarin wani ƙaramin ƙauye da muka ziyarta, ni da uwargida, a jihar Alabama ta ƙasar Amurka. Sunansa Gee's Bend. Kogin Alabama ya kewaye shi ta gefe uku, hanyar mota ɗaya ce tak.

Tun daga gida uwargida ta ɗauko jakar ƙyallaye, da allura da zare. Duk inda muka zauna jiran mota sai ta fito da su, tana haɗa ƙyalle da ƙyalle. A ƙasan jakar kuwa akwai tsohon zanen marigayiya mahaifiyarta. Shekara uku tana ajiye da shi. Ta kasa ɗaurawa, ta kasa bayarwa, ta kuma kasa sa masa almakashi.

Mutanen ƙauyen jikokin bayi ne da suka yi noman auduga a wurin. A 1845 gonar ta koma hannun wani mai suna Mark Pettway, shi ya sa har yanzu da yawansu ke amsa sunan Pettway. Saboda talauci da sanyin hunturu, matan suka riƙa yayyanka tsofaffin wanduna da buhuna suna yin bargo. Hawa uku ne: ƙyallayen da aka harhaɗa a sama, auduga a tsakiya, sa'an nan shafi a ƙasa. Sai a shimfiɗa a kan katako, mata su kewaye shi suna ɗinki, suna waƙoƙin yabon Allah.

Sun sha wahala ƙwarai. A 1962 aka tsai da jirgin fiton da ke kai su garin Camden, inda ake rubuta sunayen masu jefa ƙuri'a, ba a komar da shi ba sai 2006. Martin Luther King ya ziyarce su a 1965. Da aka kashe shi a 1968, alfadaran ƙauyen nan ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar sayar da barguna. A 2002 aka baje aikinsu a babban gidan nuni a birnin Houston, a 2006 kuma hotunan bargunansu suka fito a kan sarki na Amurka.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyarmu shi ne labarin Missouri Pettway. Bayan rasuwar mijinta, ta tattara kayan aikin gonarsa, ta ɗinka bargo da su a 1942, domin ta riƙa rufa da shi tana tunawa da shi. Uwargida ta ji wannan, ta yi shiru. Da dare a masauki sai muka ji ƙarar almakashi. Ta yanka zanen gida goma sha biyu.

A hanyarmu ta komowa ta gama haɗa saman bargon. Yanzu autarmu ce ke rufa da shi lokacin hunturu, ta kuwa san ƙyallayen kakarta ɗaya ɗaya.

Mun tuna yadda Ubangiji Yesu, bayan ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage. To, iyaye mata, kafin ku zubar da tsumma, ku sake dubawa. Ko za ku gwada wannan ɗinki a zumuntar mata ta ikkilisiyarku?