Man da ba ya cikin lissafin sabis



Duk wanda ya lura da motocin da jama'armu ke hawa, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Obalende, zai ga kusan dangi ɗaya ne: Highlander, RAV4, Lexus RX330 da RX350, Venza, CR-V, jefi-jefi a ga Pilot. Ba ƙawa kaɗai ke sa mu saye su ba. Mu mutanen hanya biyu ne. A nan muna fama da ruwan damina da ke cika titi har bakin ƙofar mota, ga ramuka, ga cunkoso. Idan kuma sallah ta zo, ko biki, ko rasuwa, sai mu ɗora iyali da kaya mu kama hanyar gida, wadda ga mutanen Kano da Katsina da Sakkwato ta kai kilomita 1,000 ko fiye. Mota mai tsayi, mai riƙe ƙasa, ita ce ta dace da rayuwa irin tamu.

Da yawa cikin motocin nan masu jan ƙafa huɗu ne. Za a ga an rubuta AWD ko 4WD a bayansu, idan kuma rubutun ya fita, a leƙa ƙasa: in akwai dogon ƙarfen nan, farfela, da ya taso daga gaba ya nufi ƙafafun baya, to ita ce. Mota irin wannan tana da wani ɗan akwati maƙale a jikin giyabos, makanikai kan ce masa tiransifa, wasu su ce ogzilari. Aikinsa raba ƙarfi. A motocin da muka lissafa injin a gicciye yake kwance, ƙarfinsa na fita ne zuwa ƙafafun gaba, hagu da dama. Akwatin nan shi ke ɗiban ƙarfin, ya karya kwana da shi ta hanyar haƙoran ƙarfe biyu masu cin juna, ya miƙa wa farfela ta kai baya. A yawancinsu yana da mansa na kansa, daban da baƙin man inji, daban da man giyabos, kuma a Toyota da Lexus ɗin nan gaba ɗayansa bai cika lita ɗaya ba.

Wajen juyen baƙin mai, jama'armu ba su da wasa. Akwai masu rubuta rana a takarda su liƙa a gilashi. Amma idan aka ce wa mai gareji a yi sabis, abin da ya fahimta shi ne baƙin mai da filta, wataƙila a duba filogi, a ƙara ruwan lagireto, a buga iska a filtar iska. Nan lissafi ya ƙare. Akwatin raba ƙarfi ba shi da sandar awo da za a zaro a duba kamar ta inji, kuma a yawancin motocin babu fitilar da za ta kama a gaban direba idan mansa ya ragu ko ya lalace. Sai an shiga ƙarƙashin mota an kwance noti sannan a san halin da yake ciki. Abin da ido bai gani ba, kuma baki bai ambata ba, haka nan yake zaune shekara da shekaru.

Abu uku ke kashe man nan a wajenmu. Na farko zafi. Akwatin yana kusa da bututun salansa, man kuma kaɗan ne, ga shi muna kwashe sa'o'i a cunkoson Oshodi ko gadar Third Mainland, iska ba ta ratsa ƙarƙashin mota. Na biyu ruwa. Akwatin na da 'yar ƙofar numfashi a samansa. Idan ƙarfe ya ɗau zafi aka tsunduma shi cikin ruwan da ya taru a Lekki ko Ajah a watan Yuni ko Yuli, sanyin da ya same shi farat ɗaya kan sa ya zuƙo ruwa ta wannan ƙofa ko ta bakin robar da ta tsufa. Mai da ruwa suka haɗu, sai su zama kamar madara, ba sa raba ƙarfe da ƙarfe, tsatsa kuma ta kama boris. Na uku rashin sanin tarihi. Motocinmu tokumbo ne, sun sauka a Apapa ko Tin Can, ko sun biyo ta Kwatano, bayan sun yi shekara goma ko fiye a hannun wani a Amurka ko Kanada. Mita kuma, idan ta Amurka ce, da mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da ta nuna 150,000 ta yi tafiyar kilomita 240,000 ke nan, in ma ba a taɓa mitar ba. Mai yiwuwa man da ke cikin akwatin tun na kamfani ne.

Mun ga ƙarshen irin wannan da idonmu. Ana saura kwana uku Babbar Sallah wani dattijo cikinmu ya tashi da asuba da iyalinsa a Highlander, an yi mata sabis ana gobe tafiya. Bayan Ogbomosho sai aka fara jin wani gurnani daga ƙasa, yana ƙaruwa idan an ƙara gudu. Aka ce taya ce. Da suka tsallake gadar Jabba sai ƙauri ya shigo cikin mota, gurnani ya koma gurzar ƙarfe. Kafin Mokwa mota ta ƙi gaba, rana na shirin faɗuwa, ga mata ga ƙananan yara a bakin daji. Sai janwe aka nemo. Da bakanike ya kwance notin ƙasa, abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Ashe robar bakin akwatin ta daɗe tana yoyo kaɗan-kaɗan, ƙura na shanyewa, ba a taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Sai da aka sayo wani akwatin a Ladipo aka saka a motar dare. A garin mutane suka yi sallar idi. Kuɗin janwe da masauki da kayan gyara da ladan aiki, idan aka haɗa, ya ninka kuɗin litar mai ɗaya sau da yawan da ba ma son faɗa. Mun gode wa Allah da abin ya tsaya a kan dukiya, domin duk mai bin hanyar nan ya san ba ko'ina ake son dare ya riski mutum ba.

Aikin kansa bai kai na juyen baƙin mai wahala ba, amma yana da ƙa'ida, kuma gara mai mota ya tsaya a yi a gabansa. A ɗan zaga da motar tukuna man ya yi ɗumi don ya zubo da dattinsa. A ɗora ta a kan rami ko injin ɗagawa, ta zauna daidai ba a karkace ba, domin da daidaituwarta ake gane cikar man. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe.

Akwatin na da noti biyu, na zubawa a gefe daga sama, na juyewa a ƙasa. Na sama ake fara kwancewa. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci, domin idan aka juye man sannan aka tarar na saman ya cije ya ƙi motsi, an bar mota babu mai kuma babu hanyar zuba wani. Bayan na sama ya buɗu, a sa yatsa a ji ko man ya kai bakin ramin. In bai kai ba, akwai inda yake yoyo, sai a nemo wurin, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon.

Sannan a kwance na ƙasa, a tari man a kwano mai tsabta don a karanta shi. Man giya ko sabo ne yana da wari mai ƙarfi, kada wannan ya tsorata kowa. Ƙaurin ƙuna shi ne abin damuwa. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Notin ƙasan yakan zo da maganaɗisu a bakinsa. Laushin baƙin gari kamar kwalli a jikinsa ba komai ba ne, cin ƙarfe ne na yau da kullum. Amma in an ga ɓarɓashi mai ƙyalli da yatsa ke ji, haƙori ko boris ya fara tafiya, sabon mai ba zai mayar da shi ba, sai dai a shirya gyara tun a gida. A goge notin, a sa masa sabon washa, domin washan nan sau ɗaya yake matsuwa. A ɗaure shi daidai ba da ƙarfin tsiya ba, jikin akwatin alminiyam ne, zarensa ba ya jure takawa da ƙafa. Sai a tura sabon mai da ɗan famfon hannu ta ramin sama har ya fara dawowa. Nan ne cikarsa. A rufe, a goge wurin tas, bayan kwana biyu a sake leƙawa ko akwai danshi. Tsohon man kuma a bai wa masu tarawa, kada a tuttule shi a kwata.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen irin man. Kalmar “man giya” ta tara abubuwa da yawa. Na Toyota da Lexus ɗin nan man haƙori ne mai kauri, mai lamba GL-5 a jikin roba. Tsofaffin kan sha mai kaurin 90, sababbin kuma 75W-85. Jan man giyabos ba zai yi aikinsa ba. Akwai kuma motocin Jamus da na Amurka da akwatinsu jan man yake sha, ko wani na musamman. Honda ma tata hanyar daban: giyar ƙafafun bayan CR-V tana da nata man da ake kira Dual Pump, ta Pilot ta da kuma VTM-4, kuma idan CR-V ta fara gurnani a baya lokacin da aka karya sitiyari gaba ɗaya, sau da yawa man nan ne ya tsufa. Don haka ba a aro lamba daga motar maƙwabci. A duba littafin motar, in babu shi a nemo a intanet da sunanta da shekararta. A sayi man a rufe da hatiminsa daga dillalin da aka sani, ba na awo a tsohuwar robar ruwa ba. Araha ba ta ado. Tunda kuma an riga an shiga ƙarƙashi, a haɗa da giyar baya a juye a rana ɗaya, tare suke tsufa.

Yaushe ake canjawa? Abin da masu gyara suka fi faɗa shi ne kowane mil 30,000, kusan kilomita 48,000. Mu a namu ganin, ga hanyoyinmu da lodinmu, akwai lokaci uku da ba a jiran lissafi: ranar da aka sayi tokumbo, bayan mota ta ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, da kuma mako biyu kafin doguwar tafiya idan an daɗe ba a duba ba. Mako biyu muka ce ba ana gobe ba, don in an ga matsala a sami sararin gyara.

Akwai shawarar da ake yawan ba mu a gareji: a cire farfela kawai, mota ta koma mai jan gaba, har fetur za ta rage sha. Ya kamata a san cewa cire farfela ba ya tsayar da haƙoran cikin akwatin, suna nan suna juyawa muddin mota na tafiya, kuma suna buƙatar mai. Wasu motocin ma, irin tsofaffin Highlander da RX masu jan ƙafa huɗu a kowane lokaci, ba a gina su don tafiya babu ita ba. Haka nan batun taya. Idan aka haɗa sabuwa da suɗaɗɗiya, ko lamba daban-daban daga wajen mai faci, ƙafafun gaba da na baya ba za su juya daidai ba, kuma akwatin nan da giyar baya su ke shan wahalar bambancin dare da rana.

Abu na ƙarshe ya shafi zamanmu tare. Motocin nan a tsakaninmu suke yawo: yau a hannun wannan, baɗi ya sayar wa ɗan garinsu, wani lokaci a ara wa ango ko a kai gawa gida da ita. Wanda zai sayar wa ɗan uwansa motar da aka cire wa farfela, ko wadda ta fara gurnani, ya faɗa masa. Wanda ya juye man ya rubuta rana da lambar mita a bangon littafin motar, na gaba ya tarar. 'Yan uwanmu makanikai da ke karanta wannan, ku riƙa ambata wa masu mota ko ba su tambaya ba. Mu kuma idan mun je gareji mu kira abin da sunansa: a duba man tiransifa da na giyar baya.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya ya dawo da shi lafiya.