Ba Taure Ba Ne

Litinin. Wata huɗu ke nan da yi wa Maman yara tiyatar haihuwa ta uku. Yau likita ya sake faɗa mana, wani cikin zai iya tafiya da ita. Allurar wata uku tana sa ta zubar da jini, robar da ake sawa a hannu ma ba ta karɓe ta ba. Sai ya dube ni ya ce, "Oga, kai fa?" Har muka sauka a Gonin Gora ban ce mata uffan ba.

Talata. Na tuntuɓi Yayana a bakin titin Abuja, inda yake facin taya. Ya ajiye guduma. "Dandaƙa za a yi maka? Ɗan gidanmu ya koma taure?" Na rasa amsa.

Laraba. Na koma da tambayar Yaya. Likita ya zana mini a bayan kati: 'yan bututu biyu sirara da ke ɗauko ƙwayoyin haihuwa daga 'ya'yan maraina, su kaɗai ake yankewa a ɗaure. Maraina na nan, ƙarfin namiji na nan, maniyyi ma zai ci gaba da fita, don yawancin ruwan daga wani wuri yake zuwa. Ya ce yanzu ko wuƙa ba a sawa, ɗan huji ake yi, dabarar wani likitan Sin, Li Shunqiang, tun 1974. Amma ya ja kunnena: in ɗauka babu komawa, domin sake haɗawa aiki ne mai tsada, kuma ba kullum yake ci ba.

Alhamis. Malam Direba, abokin shayina, ya ce malaman fikihu da suka zauna a Kuwait a 1988 sun hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura. Cocin Katolika kuwa ta hana. Ni na yi ta tuna tabon da ke ƙasan cibiyar Maman yara, sau uku wuri guda.

Juma'a. An yi. Allurar kashe zafin ce kawai ta sa na cije leɓe. Ina kwance ina ƙirga silin, muna hirar tsadar fetur, minti ashirin ba su cika ba. Ramukan hanya a Keke Napep sun fi aikin ciwo.

Asabar. Kwance. Babu wuta, sai muka aiki babbar 'yarmu ta sayo ƙanƙarar fiya wata, na naɗe a tawul.

Lahadi. Ban je majami'a ba. Sai bayan wata uku za a gwada maniyyi, kafin nan kororon roba dole. Da yamma Yaya ya shigo da lemo a leda, ya zauna nesa kaɗan, ya daɗe yana kallon yadda nake takawa. Da Maman yara ta fita kicin, ya matso da kujera ya rage murya: "Ƙanena, nawa suka karɓa?"