Wasiƙa daga Istanbul: jinyar magen titi da riƙonta

Magen titi a Istanbul ba ta da mai ita, amma ba ta rasa mai kula da ita. Mutanen layi ne ke ba ta abinci da ruwa, idan kuma ta kwanta ciwo ko mota ta buge ta, ɗaya daga cikinsu zai kai ta wajen likitan dabbobi, sannan ya riƙe ta a ɗakinsa har ta murmure. Hotunan maguna a kan kujerun gidajen shayi sun riga sun zaga wayoyin mutanen gida a ƙasar Hausa. Wahalar da ke bayan hoton ce ba ta isa can ba, shi ya sa jita-jita ta samu gindin zama: wai gwamnatin Turkiyya na yanka wa maguna albashi, wai mage ta fi ɗan Adam gata, wai har bauta mata ake yi. Duk babu ƙamshin gaskiya a ciki.

Tushen al'adar yana cikin addini da tarihi. Baturke ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, ya kuma san cewa ruwan da mage ta sa baki bai zama najasa ba. A zamanin sarakunan Usmaniyya masu hali kan bar waƙafi don ciyar da dabbobin titi, akwai ma masu yawo da hanta da kayan ciki, mutum ya saya a raba wa maguna sadaka. A birnin Bursa har gidan jinyar shamuwa aka yi a ƙarni na 19. Limamin masallacin Aziz Mahmud Hudayi da ke unguwar Uskudar, Mustafa Efe, ya yi suna a 2016 saboda buɗe wa maguna ƙofar masallaci lokacin sanyi, kuma ya cancanci yabo. Sai dai a shekarar ce aka kafa wa wata mage mai suna Tombili mutum-mutumi a unguwar Kadikoy bayan ta mutu. A nan kam Bahaushe sai ya girgiza kai ya wuce.

Hannun hukuma a lamarin yana da iyaka. Dokar kare dabbobi mai lamba 5199, ta shekarar 2004, ta ɗora wa ƙananan hukumomi kama dabbar titi, su yi mata aikin hana haihuwa da rigakafi, su mayar da ita inda suka ɗauko ta. Magen da aka gani da ɗan yanka a kan kunne ɗaya ba faɗa ta yi ba, shaidar an yi mata aikin ce. Gyaran da aka yi wa dokar a 2021 ya sa kashe mage ko kare da gangan kan kai mutum kurkuku, daga wata 6 zuwa shekara 4. Gyaran 2024, wanda ya jawo zanga-zanga, karnuka aka ce a kwashe daga titi, maguna suna nan inda suke. Hukumar birni tana da motocin asibitin dabbobi masu zagaya unguwanni, ƙananan hukumomi kuma suna duba dabbar titi kyauta. Amma ba ma'aikacin da zai tashi da tsakar dare ya ba ɗan mage madara. Wannan aikin maƙwabta ne.

Sanyi ne ke kawo mafi yawan majinyata. Ba irin na hunturun gida ba ne da rana ke fitowa ya lafa. Jiƙaƙƙen sanyi ne mai yayyafi da iska daga Bahar Aswad, a Janairu da Fabrairu ya kan ratsa ƙashi, wata shekarar har dusar ƙanƙara ta rufe titi. Tun kafin ya shigo ake jera ƙananan ɗakunan katako a wuraren shaƙatawa da gindin benaye. Wanda ba shi da hali sai ya samu kwali, ya lulluɓe shi da leda, ya yanka ƙofa daidai shigar mage ɗaya, ya ɗora shi a kan bulo don kada ruwa ya shiga. Busasshiyar ciyawa ake shimfiɗawa a ciki, domin bargo idan ya jiƙe sanyi yake ƙarawa. Direbobi kuma kan bubbuga bonet kafin su tayar da mota, saboda maguna na shigewa cikin inji neman ɗumi, kuma da yawa daga masu karaya da yankakkiyar jela daga can suke fitowa.

Mage mara lafiya ba ta da wuyar ganewa. Kwantsa ta manne mata ido, majina ta toshe hanci, gashi ya hargitse, ta dunƙule wuri ɗaya ta ƙi abinci. Murar maguna ce ta fi yawa, kuma idan aka yi sakaci da idon ɗan mage a cikinta ya kan makance. Akwai wata cuta mai amai da zawo da ke kashe ƙanana cikin kwanaki kaɗan, tana yaɗuwa ta kwano da takalmi da hannu. Sai ƙuma, tsutsar ciki, da makero wanda ke kama mutum shi ma. Magen da ta ji rauni ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi ko da wanda ya saba ciyar da ita ne. Tawul mai kauri ake jefa mata a rufe kanta, a ɗauke ta gaba ɗaya a sa a kwali mai hudar iska. Ba a jan ƙafar da ta karye, ba a gwada ɗori, ba a ɗura mata ruwa idan ba ta cikin hayyacinta.

Bayan likita ya sallame ta sai riƙo. Ana ware mata wuri ɗaya mai ɗumi, galibi banɗaki ko keji a kusurwa, da kwanon abinci, da na ruwa, da mazubin yashi nesa da su. Idan akwai wata mage a gidan ba a haɗa su sai bayan mako 2. A wanke hannu kafin a taɓa ta da bayan an taɓa. Idon da ya manne, auduga da ruwan ɗumi ake sa wa a goge daga ciki zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Wadda hanci ya toshe ba ta jin ƙamshi, don haka ba ta ci, sai a ɗan ɗumama abinci mai laushi ƙamshinsa ya tashi. Magen da ta kwana biyu ba ta ci komai ba, a mayar da ita wajen likita.

Jarirai marasa uwa sun fi cin rai. Kafin a ɗauke su a dakata daga nesa, wataƙila uwar neman abinci ta tafi. Idan an tabbata ba ta nan, a fara ɗumama su da robar ruwan ɗumi naɗe cikin tsumma, domin ɗan magen da jikinsa ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Madarar shanu zawo take sa su. Akwai madarar gari ta musamman a shagunan kayan dabbobi, ana ba su duk bayan awa 2 zuwa 3, dare da rana, suna kife bisa ciki ba rigingine ba. Har su kai mako 3 ba sa iya fitsari da kashi da kansu, sai an shafa musu jiƙaƙƙiyar auduga a ƙarƙashin jela bayan kowane ci, a madadin lasar uwa. Daga mako 4 suke fara lasar abinci.

Maganin mutane ba na mage ba ne. Ƙwayar farasitamol ɗaya na iya kashe ta. Maganin ƙumar kare guba ne gare ta, haka albasa da tafarnuwa, don haka ragowar miyar gida ba abincin jinya ba ce. Wanda mage ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibitin gwamnati a ranar saboda allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Kuɗi ne inda baƙo ke riƙe baki. Asibitin dabbobi mai zaman kansa yana da hoto, gwajin jini, ƙarin ruwa da ɗakin tiyata, kuma kowanne da farashinsa. Cutar da ake kira FIP maganinta kan ɗauki mako 12 ba fashi. Hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, ta taɓa buhun abincin mage kamar yadda ta taɓa burodi. Maƙwabta kan yi karo-karo ta WhatsApp da Instagram, likitoci da yawa kan yi rangwame ko su rubuta bashi. Mai zuciya ya kan ga kyan abin, ya kuma tuna asibitocin gida inda mai naƙuda ke jiran a haɗa kuɗin allura. Ɗalibin da ke jiran aike daga mahaifinsa, idan ya tsinci mage mara lafiya, ya fara da asibitin ƙaramar hukuma, kuma kada ya sa hannu a takardar asibitin kuɗi sai ya ji jimla.

Yawancin masu ɗauke da wannan nauyi dattawa ne, musamman mata masu cin fansho. Da sassafe ake ganin tsohuwa tana jan jakar cefane mai taya cike da abincin mage, ta san kowacce da sunanta, ta san wadda ba ta fito ba yau. Duk wanda ya tsinci majinyaciya ya fara tambayarta, domin ita ta san likita mai sauƙi da wanda ke da keji na aro. Turkawa na girmama manya: ana sumbatar hannunsu a ɗora a goshi, wanda ya kai 65 kuma ba ya biyan kuɗin motar birni. Amma da yawansu su kaɗai suke kwana a bene, 'ya'ya suna wani gefen birni ko Jamus. Tsohuwa irin wannan a Kano ko Damagaram jikoki ne za su hana ta sakat a tsakar gida, kuma wannan gata ne da babu fanshon da ke saye. Sai dai a can ɗin ne yara ke jifan magen da ido ya ruɓe, a kuma ɗora wa baƙar mage maita.

Riƙo yana ƙarewa ta hanya biyu. Babbar magen da ta saba da titi, bayan ta warke an yi mata aikin hana haihuwa, ana mayar da ita daidai layin da aka ɗauko ta, domin a baƙon wuri sauran maguna korar ta za su yi. Ƙanana, makafi da masu ƙafa uku gidan dindindin ake nema musu, kuma wanda ya karɓa doka ta wajabta masa sa mata ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata da yi mata rajista. Baƙo ya tambayi mai gida kafin ya shigo da mage, domin wasu benaye da ɗakunan kwanan ɗalibai sun hana. Ya kuma duba ranar ƙarewar takardar zamansa. Wanda zai koma gida ya miƙa ta hannun wani tun da wuri, saboda yasar da dabbar da aka riƙa laifi ne mai tara a dokar ƙasar.