Rana ce ke cin zaren masunta, ba ruwa ba

A 'yan watannin nan, duk masuncin da ya zo neman rance daga asusun ƙungiya maganarsa ɗaya ce: mamari ya tsinke, kalli ya yage, ana son kuɗin sabo. Da yake ni ke rubuta sunaye, na lura wasu sun dawo sau biyu kafin shekara ta zagayo.

Na tashi na tarar kakanmu yana su da zaren auduga. In ya dawo daga gulbi sai ya shanya shi a rana, lokaci-lokaci kuma ya jiƙa shi a ruwan bagaruwa, irin wadda majema ke aiki da ita. Yana da hujjarsa, domin auduga in ta kwana da laima ruɓewa take yi. Amma zaren da ake sayarwa yau a Kontagora da Yawuri na roba ne. Shi ruwa ba ya ruɓar da shi. Rana ce ke gasa shi a hankali har ya bushe ya yi fari, ranar da babban tarwaɗa ya fizga sai ya tsinke. Mu kuwa har gobe shanyar kakanni muke yi, a kan danga, daga hantsi zuwa la'asar.

Abin da zaren roba ke so ba shi da tsada. A ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, laka da gansakuka da ƙarnin kifi su fita, don ƙarnin nan ne ke gayyato ɓera. A shanya shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a ajiye shi kusa da jarkar fetur ko murhu. Kafin a nannaɗe, a bi shi tsakanin yatsu biyu, duk inda aka ji kaushi a yanke a sake ƙullawa, musamman kusa da ƙugiya inda haƙorin kifi da dutse ke goga. Ƙugiyoyin kuma a share su a ɗan shafa musu man gyaɗa saboda tsatsa.

Turawa masu fatsa don nishaɗi ma haka suke yi. Zarensu mai yawo a saman ruwa, da ruwan ɗumi da ɗan sabulu suke wanke shi, don in ya yi datti nutsewa yake yi. Su wasa suke yi da abin, mu tuwon gida ne.

Akwai kuma ɓarnar da ba ma gani. Kallin da ya tsinke ya zauna a cikin dam ko tafkin Kainji ba ya daina kamu. Karfasa da kurungu za su yi ta maƙalewa suna mutuwa, babu mai ci babu mai sayarwa.

Don Allah masu lambar Sarkin Ruwa su isar masa da wannan, mu tattauna a taro mai zuwa.